Muryar da Baba Ya Ƙi

Ranar da Hidaya ta fara taka shagon su Munzali, ba soyayya ce ta kai ta ba. Faɗa ta je yi.

Shagon yana bakin titi a unguwar Kpakungu ta Minna, tsakanin mai walda da wata mata mai soya doya, irin shagunan nan da ake tura wa mutane fim a waya. Ta kutsa ta tsakanin ’yan Keke Napep, ta dire wayarta a kan tebur kamar wayar ce ta yi mata laifi.

“Malam, wane ne yake fassara muku finafinan Mai Baƙar Kwat?”

Mai Baƙar Kwat shi ne sunan da mutanen gari suka raɗa wa wani ɗan leƙen asiri na finafinan Turawa da aka ɗauko labarinsa daga littattafai. Tun zamanin iyaye ake yin finafinansa, in jarumi ya tsufa a sauke shi a ɗora wani. Munzali kuwa shi yake ɗora musu murya da Hausa. Shi ne namiji, shi ne mace, shi ne mugu, shi ne kuma mai faɗin wa ya shigo wa ya faɗi. Rabin Minna sun san muryarsa, fuskarsa ce ba su sani ba.

Ya ɗago daga kwamfuta ya dube ta. Kallo ɗaya ya yi mata, ya manta abin da yake yi.

“Lafiya dai, ranki ya daɗe?”

Ta yi turus da jin muryar, ta ɗan karkatar da kai.

“Au. Ashe kai ne maƙaryacin.”

Gabriel, abokin aikinsa mai haɗa sauti, wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ya fashe da dariya. “Oga, yau wahala ya zo har shago.”

“A fim na uku,” in ji Hidaya, “mutumin nan tashar jirgi ya tambayi matar. Kai kuma ka ce wai ya ce mata idonta ya hana shi barci. Ina ido ya shigo maganar tasha?”

“Ranki ya daɗe, wa zai zauna kallon fim don ya ji ana tambayar tasha?”

“Babana.”

Nan ta gaya masa. Mahaifinta, Malam Abubakar Siddiƙ, ya yi ƙuruciyarsa yana kunna majigi a tsohuwar silimar garin. Ciwon suga ya tafi da idonsa. Yanzu fassara yake saurare, don ita ce take faɗa masa abin da ba ya gani. Sai dai ya san finafinan kamar tafin hannunsa, kuma jiya saura kaɗan ya yi jifa da wayar.

Munzali ya ba da haƙuri, amma bakinsa bai daina murmushi ba. Ya ce ta bar masa lambarta don in ya yi gyara ya sanar da ita. Ta san ba gyara zai yi ba. Ta ba shi duk da haka.

Abin da ya biyo baya gardama ce, kuma daga gardamar komai ya tsiro.

Mutum huɗu ne suka taɓa saka baƙar kwat ɗin, kowa da sunan da ’yan kallo suka ba shi. Akwai Dogo, na farko, mai tafiya a hankali kamar ya san jirgi ba zai tashi babu shi ba. Shi ne gwanin Baba. Akwai Ɗan Gayu, wanda ko cikin gobara gashinsa ba ya hargitsewa, shi Munzali yake so. Na yanzu Ƙarfe ake ce masa, bai taɓa buɗe ƙofa da hannu ba. Sai Mai Ɗingishi, wanda fim biyu kawai ya yi aka sallame shi, kuma duk garin nan ba mai kare shi sai Hidaya.

“Shi ne kaɗai ya karanta littafin,” ta ce masa wata yamma a tashar motar Gidan Kwano, inda take jiran bas zuwa jami’a. “A littafi mutumin ɗingishi yake yi. Ciwon ciki gare shi. Tsoron kare yake ji. Kuma yana da mata.”

“Mata? Wace irin mata?”

“Matar aure mana. Tana gida tana jiransa. Duk inda ya je ita yake tunani. Masu fim suka share ta, suka riƙa ba shi sabuwar budurwa kowace shekara.”

“To ai matar gida ba ta sayar da fim, Malamata.”

Ta watsa masa harara. “Shi ya sa na ce ba ka da hankali.”

Littattafan suna cikin wani akwatin ƙarfe a ɗakin Baba. Wani injiniyan jirgin ƙasa ne ya bar masa su tun yana saurayi. Kullum bayan la’asar Hidaya takan karanta masa, tana juyawa da Hausa, don ya ce Turanci yanzu gajiyar da kunnensa yake yi.

Saƙonni suka fara kai kawo.

“Malamata, kin isa lafiya? Na sake kallon Mai Ɗingishi saboda ke. Har yanzu bai yi min ba, amma na fara jin tausayinsa.”

“Tausayi ma ci gaba ne. Ka dage, wata rana za ka yi hankali.”

Haka suka yi ta yi har damina ta faɗi. Ran nan Munzali yana zaune a shago ana ruwa, ya ji zuciyarsa ta cika, ya rubuta mata:

“Hidaya, ke ce inuwata. In na bar ki, rana za ta kashe ni.”

Ta karanta a cikin aji. Ta kife wayar a cinya, ta sake ɗagawa, ta sake karantawa. Ba ta taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba, kuma ba ta iya ɓoyewa ba. Sai da aka tashi ta mayar:

“To kada ka bar ta.”

Da ta nema masa izinin zuwa gaida Baba, Munzali ya sha sabuwar shadda da hula, har da turare. Aikin banza ya yi, don wanda zai gani ba ya gani. Goggo Rahmatu, ƙanwar Baba da ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyar Hidaya, ita ta shigar da shi. Tsohon yana zaune a kan tabarma a baranda, sandarsa a gefe.

Munzali ya durƙusa. “Salamu alaikum, Baba. Ina wuni?”

Baba ya amsa sallamar, sannan ya karkato kunne.

“Sake magana in ji.”

“Na ce ina wuni, Baba.”

“Na san muryar nan,” in ji tsohon a hankali. “Ita ce ta yi wa wata alkawarin aure a jirgin ruwa, ta bar ta a otal. Ita ce ta rantse wa wata a kan dutsen ƙanƙara, washegari ta manta sunanta.”

Munzali ya yi ’yar dariyar yaƙe. “Baba, ai fim ne.”

“Na san fim ne, yaro. Ina kunna fim tun ba a haife ka ba. Amma Baturen bai faɗi maganganun nan ba. Kai ka faɗa. Daga cikinka suka fito, kuma ko tuntuɓe harshenka bai yi ba. Ni ba ni da idon da zan duba fuskarka in gane ko gaskiya kake yi. Kunne kaɗai Allah ya bar min, kunnen kuma ya ce a’a.”

 Munzali da yake magana da bakin mutum goma a fim ɗaya, ranar sallama kawai ya yi ya fita.

Goggo Rahmatu ta yi lallashi har ta gaji. Hidaya ta yi kuka har idonta ya kumbura. Baba bai ɗaga murya ba, bai kuma sauya ba. Ya ce ba zai yi mata dole a kan kowa ba, amma ba zai miƙa ta ga muryar nan ba. Sai ya ambaci Yisa, ɗan wani tsohon abokinsa, mai shagon magani a unguwar Bosso, wanda ya daɗe yana aiko da gaisuwa.

“Shi ban taɓa jin ya yi ƙarya ba,” in ji Baba.

“Yaya, ai ba ka taɓa jin ya yi magana ba ma,” in ji Goggo.

“To kin gani.”

Duk da haka Hidaya ba ta saki ba. Ta ce wa Munzali su yi haƙuri, tsohon zai sauko. Da ma a nan abin ya tsaya, da da sauƙi.

Wata safiya tana cikin bas ɗin Gidan Kwano, kwandasta ya leƙa ta taga ya hango wata mai tallan gyaɗa. Ya dafe ƙirji, ya kwarara murya:

“Ke ce inuwata! In na bar ki, rana za ta kashe ni!”

Motar ta ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce, “Mai Baƙar Kwat ke nan! Sabon fim ɗin ya yi wuta.”

Hidaya ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Lilian, ’yar ajinsu da ke zaune kusa da ita, ta ciro waya tana dariya ta nuna mata wurin a fim ɗin. Ga Ƙarfe nan riƙe da hannun wata mace a bakin tafki, ga muryar Munzali tana faɗin maganar, harafi bai canza ba. Minti kaɗan bayan haka jarumin ya dira ta taga ya bar matar tana barci.

Ba ta shiga aji ba ranar. Ta zauna ƙarƙashin wata bishiya, ta rubuta wa Munzali:

“Ashe maganar tawa ma ta kasuwa ce. Yau kwandasta ya faɗa wa mai gyaɗa. Baba ya fi ni kunne.”

Amsa ta zo nan take. “Wallahi Hidaya ke nake gani lokacin da nake faɗa. Taki ce tun kafin fim ɗin ya zo. Bakina ne ya kufce.”

“Shi ya fi ciwo. Abu ɗaya ka ba ni, shi ma ka raba wa gari. Don Allah kada ka sake kira na.”

Ya kira. Ba ta ɗaga ba. Ya rubuta saƙonni masu tsawo, masu daɗi, irin waɗanda da can za su sa ta murmushi, kowanne kuma ƙara tabbatar mata da maganar Baba yake yi. Wannan shi ne bala’in: makaminsa ɗaya ne, daɗin baki, kuma shi ne laifinsa. Hidaya ta haɗa kayanta ta koma ɗakin su Lilian a makaranta, ta ce jarrabawa ta matso. Kafin ta fita ta ce wa Goggo in mutanen Yisa sun zo, ita ba za ta ce a’a ba.

Munzali ya rame. Ya daina gardamar jarumai da ’yan shago, ko an zagi Ɗan Gayu a gabansa ba ya tankawa.

“Oga, ka ci abinci,” in ji Gabriel, yana tura masa doya. “Ko Mai Baƙar Kwat yana ci abinci. Yarinya ya tafi, amma ciki bai tafi ba.”

Bai ci ba. Gaskiyar magana, babu wata hanya da ta rage masa, shi ma ya sani.

Da Munzali ya koma gidan Baba wata la’asar, ba roƙo ya je yi ba. Ya je ne ya nemi gafarar tsohon, ya yi sallama ta ƙarshe. Ya tarar da Baba shi kaɗai a baranda, wani tsohon littafi a cinyarsa, yana shafa bangon da yatsa. Tun tafiyar Hidaya ba wanda ya karanta masa ko layi ɗaya.

Munzali ya gama ban haƙurinsa, ya miƙe, sai ƙafarsa ta ƙi tafiya.

“Baba, in ka yarda in karanta maka.”

“Kai? Ka zuba min ƙarya a gidana?”

“In na zuba, ka kore ni.”

“Kada ka ɗauka wannan zai canza wani abu.”

“Na sani, Baba.”

Tsohon ya miƙa masa littafin.

Ranar farko ko shafi ɗaya bai gama lafiya ba. Littafin ya ce mutumin ya shiga ɗaki ya zauna. Munzali ya ce ya shiga ɗaki cikin ƙasaita, ya zauna kamar sarki.

“Ba haka aka rubuta ba.”

“Ya shiga ɗaki ya zauna.”

“Yauwa. Ci gaba.”

Haka aka yi ta yi, la’asar bayan la’asar. Sandar Baba takan bugi ƙasa, Munzali ya koma baya ya cire ƙarin gishirin. A hankali ya fara sanin wani mutum da bai taɓa gani a fim ba, mai ɗingishi, mai shan maganin ciki, wanda yake sayen zare da allura a kowane gari don matarsa tana son ɗinki, amma bai taɓa iya gaya mata magana mai daɗi ko ɗaya ba. Wata rana Munzali ya ajiye littafin ya ce, “Baba, ashe Hidaya ta fi mu gaskiya. Mai Ɗingishi ne ya yi daidai.”

“Dogo ya fi shi iya tsayuwa,” in ji Baba.

“Amma Dogo ba ya jin tsoro. Wannan kuwa kullum cikin tsoro yake.”

Tsohon ya yi tsaki, amma bai musa ba.

Abin ya bi Munzali har wurin aiki. Da aka kawo wani fim ɗin, ya fassara shi yadda yake. Inda aka tambayi tasha, ya ce an tambayi tasha. Masu saye suka dawo suna ƙorafi, wai muryar ta mutu, wai fim ba armashi. Maigidan shagon ya ɗauki aikin ya ba wani mai fassara a unguwar Tunga, ya bar Munzali da tura fim a waya kawai.

“An sauke ka ke nan,” in ji Baba da ya ji. “Haka aka yi wa Dogo. Wata biyu mutane suka yi suna kuka, daga nan suka manta.”

Ba aiki, ba Hidaya, ba kuma wata kalma ta sassauci daga tsohon. Ranar da za su fara littafin ƙarshe ma Goggo Rahmatu ta tare shi a zaure, ta gaya masa cikin tausayi cewa ranar Asabar mutanen Yisa za su zo neman aure. Ta ce, “Ɗana, ka daina wahalar da kanka.” Ya ce zai gama littafin tukuna.

Baba ya juya littafin a hannunsa kafin ya miƙa.

“Wannan ban taɓa kai ƙarshensa ba. Kullum ina tambayar kaina, shin mutumin nan ya koma gida? In irinsa, wanda aikinsa ƙarya ce, zai iya komawa wurin matarsa ya zauna, to sai in yarda irinsa suna zama. Sai in sake tunani a kan wasu abubuwa.”

 Munzali ya gane sarai abin da ake nufi da wasu abubuwa.

Ranar Juma’a bayan la’asar suka zo babin ƙarshe. Hidaya ta dawo gida da safiyar nan saboda baƙin gobe, amma Munzali bai sani ba. Tana cikin ɗaki, bayan labule, ta jingina da bango.

Ya karanta a hankali. Mutumin ya tsufa, ya ajiye aiki, ya hau jirgin ƙasa. Ya sauka a tashar garinsu ana yayyafi. Ya bi layinsu yana ɗingishi, zare da allura a aljihunsa, bai san ko matar tana nan ba, don ya daɗe rabonsa da gida. Ya tsaya a ƙofa. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa.

Munzali ya juya shafi.

Babu komai. Gara ta cinye sauran takardun, sai ɗan gefe-gefe da ƙasa busasshiya manne a jikin bango.

“Ci gaba mana,” in ji Baba. “Ta buɗe?”

Ƙarshen labarin yana kan harshen Munzali, a shirye, kamar yadda ya saba. Ya ga matar ta buɗe ƙofa, ya ji abin da za ta ce, ya san inda zai sassauta murya har tsohon ya yi hawaye. Sandar ba za ta bugi ƙasa ba, tunda Baba da bakinsa ya ce bai san ƙarshen ba. Ba kowa a barandar sai makaho. Jimla biyar kawai, gobe a sallami mutanen Yisa.



“Baba,” ya ce, “babu sauran. Gara ta cinye.”

“Duba da kyau.”

“Na duba.”

“To kai da ka iya, faɗa min abin da ya faru.”

“Ban sani ba, Baba. Wallahi ina so a ce ta buɗe. Ba abin da nake so a duniya kamar a ce ta buɗe. Amma ban gani ba.”

Ya rufe littafin, ya ɗora a cinyar tsohon. Ya san ya gama wa kansa. Ya ce Allah ya sa taron gobe ya yi albarka, ya nemi takalminsa, hawaye na hana shi ganin inda yake.

“Zauna,” in ji Baba.

Ya zauna.

“Tun ba a haifi Hidaya ba gara ta ci wurin nan. Da idona na gani, lokacin ina da ido.” Ya juya fuskarsa wajen ɗaki. “Ke kuma fito. Tun ɗazu nake jin numfashinki.”

Labule ya motsa. Hidaya ta fito, mayafinta a jiƙe da hawaye. Ita ma ta san gara ta ci wurin, kuma tun da ya juya shafin take addu’a a zuciyarta.

“Me kunnenki ya ce?” in ji Baba.

“Bai ƙara komai ba, Baba.”

“Nawa ma haka ya ce.” Tsohon ya yi ajiyar zuciya. “Rahmatu, miƙo min babbar rigata. Zan je gidan su Yisa da kaina kafin magariba. Ni na ja su, ni zan ba su haƙuri.”

An ce da Baba ya gama bayani, Yisa ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba komai, Baba, Allah ya sa haka ne ya fi alheri.” Goggo ta rantse wannan ce magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa. Mutumin kirki ne, kuma abin ya yi masa ciwo.

A zaure kuwa, Munzali ya tsaya gaban Hidaya yana murza hula.

“Ban san me zan ce miki ba.”

“Alhamdu lillahi,” ta ce, tana share ido. “Yau na ga ranar.”

“Waccan maganar na lalata ta, ba zan iya dawo miki da ita ba. Yanzu me zan riƙa kiran ki?”

“Hidaya.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. Amma kada in ji shi a fim.”

Da ya isa gida ya tura mata saƙo, mafi gajarta da ya taɓa rubutawa:

“Hidaya, na isa gida. Ina son ki.”

“Na yarda,” ta mayar.

Bayan damina aka ɗaura aure a masallacin unguwa, ba wani taro mai yawa. Munzali bai koma fassara ba, muryar Mai Baƙar Kwat ta zama ta wani, mutanen gari kuma sun manta kamar yadda Baba ya faɗa. Gabriel ya zo da shaddar aro, ya durƙusa gaban tsohon yana haki.

“Baba, na samu karshen littafi nan a intanet. In karanta maka?”

“Bar shi, ɗana. Na ji abin da nake son ji.”

Da yamma, kafin a tafi da amarya, Goggo ta kawo su biyun gaban Baba a barandar nan. Ya laluba ya kamo hannun Munzali, ya laluba ya kamo na Hidaya, ya haɗa su a kan gwiwarsa. Ya ce karatun la’asar yana nan, ba a yafe musu shi ba, za a koma littafi na farko, kuma har gobe Dogo ya fi. Hidaya ta yi dariya cikin kuka.

Sai Baba ya fara sa musu albarka.

“Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Kai Munzali, duk inda ka je, Allah ya sa ka dawo gida. Ke kuma Hidaya, in ya ƙwanƙwasa, Allah ya sa ki buɗe.”

Munzali ya ce amin, da wata murya ƙasa-ƙasa mai rawa, wadda duk Minna ba wanda zai gane ta sai mutum biyun nan.